Ranar da na sa aka auna Kawu

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwar rasuwar Kawu a wani ɗaki da ke bayan gidan abincin 'yan Kano, kusa da titin Liuhua Lu a birnin Guangzhou na China, inda muka saba haɗuwa bayan sallar Juma'a. Mai gidan abincin ya janye teburansa ya shimfiɗa mana darduma. Jama'a sun zo fiye da yadda na zata. Ga 'yan Kano masu sayen takalma, ga 'yan Maradi masu yadi, ga 'yan Yamai masu kayan babur, har da wasu 'yan Kumasi biyu da ban taɓa ganin sun yi magana da marigayin ba. Kowa ya shigo sai ya miƙo min hannu, ya tuna min cewa daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma, ya tambaye ni ya haƙuri, in ce da godiya.

Akwai wani dattijo ɗan Maradi wanda ya fi kowa daɗewa a Guangzhou a cikinmu, shi ake jira ya fara magana a kowane zama. Ya gyara zama ya ce, "Allah shi jiƙan Malam. Mutum ne mai sanyin hali, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba." Sai ya sassauta murya ya ƙara da cewa, "Amma aikin ga nashi shi ya canye shi. Mun hwaɗi."

Na ce, "Baba, likita ya ce hawan jini ne. Shi ne ma ajalin mahaifinsa."

Ya gyaɗa kai kawai, irin gyaɗa kan da ake yi wa yaro don kada ya yi kuka. Wani ɗan Kano ya tuna yadda marigayin ya karanta masa takardar asibiti lokacin da matarsa ba ta da lafiya, ya raka su har wurin likita. Wani ya ce shi ya rubuta masa takardar neman makarantar ɗansa. Wani ya ce bai taɓa ganin mutum mai cika alkawarin lokaci kamarsa ba. Can bakin ƙofa kuma akwai wani dattijo ɗan China mai farin gashi, abokin aikin marigayin. Kullum sai ya zo, ya cire takalmansa, ya zauna ya sha shayi kofi ɗaya, ya tashi. Yana gaisawa da kowa da ɗan sunkuyo, amma bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba.

Ni kuwa hannayen mutane nake kallo. Duk hannayen nan da aka miƙo min, kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa hannun marigayin a shekaru huɗun ƙarshe na rayuwarsa. Nawa ma yana cikin waɗanda ba su taɓa ba, kuma ni na jawo masa wannan. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan, don kada a manta da shi, kuma kada a manta da abin da muka yi masa.

Kawuna ne, yayan mahaifiyata, ciki ɗaya. Kimiyyar ƙwayar zarra ya karanta. Ya koyar a gida shekaru masu yawa, daga baya aiki ya yi ta yawo da shi ƙasa-ƙasa, har ya ƙare a ɗakin binciken wata jami'a a nan. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa guda ɗaya tana aure a Kano. Lokacin da nake gararamba a kasuwa ina tsaron shagon wasu, shi ya aiko min da takardu ya ce in zo in gwada sa'ata. Shi ya tare ni a filin jirgi. Wata takwas ina kwana a falonsa. Shi ya koya min cin abinci da tsinke, ya koya min cewa mai shago ana ce masa lawban, in kuma aka ce maka meyo to babu ne, kada ka tsaya gardama. Kawu ya yi min riga da wando.

Shi ya fara kai ni Zhanxi Lu, layin 'yan takalma, duk da cewa bai san komai a kan takalmi ba. Ban taɓa ganin mutumin da bai iya ciniki ba kamar Kawu. Mai shago zai faɗi farashin farko, wanda kowa ya san na gwaji ne, sai Kawu ya ce to, har da godiya. Rana ta uku na roƙe shi ya daina raka ni. Ya yi dariya ya ce ai gara haka, shi ma ƙafarsa ta gaji.

Amma fa a wajen awo ba a haɗa shi da kowa. Shayi ma da agogo yake jiƙa shi. In ka kira shi ka ce ka kusa isowa, sai ya ce minti nawa. In ka kawo masa labari mai zafi, ya bari ka gama tsaf, sannan ya leƙo ka ta saman tabarau ya ce, "Ka auna, ko ji ka yi?" Wannan tambayar ta sha ba ni haushi, don yawanci ji na yi.

Wata Lahadi da rana ya tuƙa mana tuwon shinkafa, na tambaye shi wai shin ainihin me yake yi a wurin aikin nan. Ya kashe murhun lantarkin ya ce in kawo hannuna kusa da tukunyar.

Ya ce, "Na kashe ko ban kashe ba?"

Na ce, "Ka kashe."

"Da zafi?"

"Da zafi mana, Kawu, ai yanzu ka sauke."

Ya ce to wannan tukunyar mai sauƙi ce, zafin da ta riga ta ɗauka ne take saki, nan da anjima ta huce. Tukunyar da ke tashar lantarki ta nukiliya ba haka take ba. A cikinta ana farfasa ƙwayoyin zarra ne don a sami zafi. Ko an kashe ta, ɓaraguzan ƙwayoyin da aka farfasa ba sa zama lafiya, suna ci gaba da rikiɗa daga wannan iri zuwa wancan, kuma duk rikiɗa ɗaya sai ta saki sabon zafi. Wasu cikin daƙiƙoƙi suke gamawa, wasu kwanaki, wasu shekaru. Shi ya sa ba a daina zagaya mata ruwa don an kashe ta. In ruwan ya tsaya, wannan ragowar zafin kaɗai ya isa ya narkar da cikinta.

Na ce, "To kai ina naka a ciki?"

Ya ce nasa shi ne awo. Ana samar musu da ɗan mitsitsin irin waɗannan ɓaraguzan, wanda ido ma ba ya gani, su sa shi a tsakiyar wata na'ura da ke kewaye shi ta kama duk abin da ya fito daga jikinsa. Su ƙirga yawan abin da yake saki da saurin da yake raguwa. Injiniyoyi da wannan awon suke lissafin ruwan da za a tanada da tsawon lokacin da za a yi ana sanyayawa. Ya ce akwai irin da tun da can ba a auna su da kyau ba, to lissafin yana da ramuka, su kuma aikinsu cike ramukan. A lokacin ya yi wata shida a kan wani iri guda da ba ya kai minti ɗaya a duniya.

Na ce, "Haba Kawu, wata shida a kan abin da ba ya kai minti ɗaya?"

Ya ce, "Kai ba wata shida kake yi a kan takalmin da ba ya kai salla biyu ba?"

Muka yi dariya, muka ci tuwonmu a kwano ɗaya. Ranar ya nuna min hoton ɗan katin da suke maƙalawa a aljihun riga a wurin aiki, wanda ke rubuta duk tururin nukiliyar da ya ratsa mutum, ana duba shi a kai a kai.

Abin ya faro ne daga kwantena. Mu ƙananan 'yan kasuwa haɗa kaya muke yi mu cika kwantena ɗaya, a kai ta tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Wannan karon na haɗa da wasu mutum huɗu, ɗaya daga cikinsu tayil ya loda. Sai wakilinmu ya bugo ya ce an tsare kwantenar, wai da ta zo wucewa ta wata ƙofa na'urar gano tururin nukiliya ta yi ƙara. Kwanaki muka yi hankali a tashe, jirgin da muka sa rai ya tafi ya bar mu. A ƙarshe aka bincika aka ce tayil ɗin ne, ƙasar da ake yin sa da ita tana da ɗan abin a halittarta, ba mai cutarwa ba ne, aka sake mana kaya.

To ana gobe za a loda, Kawu ya biyo ta sito wurina, ya zauna a kan kwalayen takalmana yana ɓare gyaɗa yana jira in gama. Mutane sun gan shi. Ranar Juma'ar da aka saki kayan muna zaune a gidan abinci, kowa yana mayar da zancen, sai na ga ga dama ta a yi dariya. Na ce, "Ku daina ɗora wa tayil laifi, Kawuna ne ya zauna a kan kwali."

Wurin ya kece da dariya. Wani har da ƙwarewa. Na ji daɗi ƙwarai, don ni sabo ne a cikinsu, ban taɓa faɗin abin da ya sa manya dariya haka ba. Washegari na sake faɗa a sito, na ƙara masa gishiri. Kawu ba ya wurin duka biyun.

Kafin wata ya zagayo maganar ta tashi daga wasa. Wanda bai yi harkar nan ba ba zai gane ba, amma ɗan kasuwa a Guangzhou ya fi tsoron abin da zai tsare masa kwantena a kan zazzaɓi. Aka fara cewa abin yana bin jikin masu aikin, yana shafar duk abin da suka taɓa. Wanda ya gaisa da Kawu sai ya zame ya je ya wanke hannu kafin ya shiga sito. Daga nan aka daina miƙa masa hannun ma, sai a dafa ƙirji daga nesa. Ranar Juma'a muna cin abinci a babban faranti ɗaya, sai aka fara zuba masa nasa daban, wai girmamawa ce ga malami. A sahun salla sai ka ga ɗan fili a damansa da hagunsa.

Kawu ba yaro ba ne, ya gane. Sau ɗaya ya yi musu bayani, ina zaune. Ya ajiye cokali ya ce, "Jama'a, in mutum ya tsaya a rana ya shigo ɗaki, haska ɗakin yake yi? Abin da nake aiki da shi yana can a rufe, ba ya biyo ni. Wanda ke ratsa ni ma ana auna shi, kuma ɗan kaɗan ne."

Dattijon Maradi ya ce, "Malam, mu ba mu yi lakwal ba, ba mu san boko ba, amma inji bai ƙarya. Ya yi kuka ko bai yi ba?"

Kawu ya ce, "Injin gaskiya ya faɗa, Alhaji. Ku ne kuka yi masa fassara. Wa ya ce muku ni ne?"

Babu wanda ya nuna ni, amma na ji idanu a kaina. Abin da ya rage min kawai in buɗe baki in ce ni ne, kuma wasa nake yi. Na sunkuyar da kai ina juya shinkafa. Ina tsoron a daina haɗa kwantena da ni, ina tsoron a ce ɗan ƙanwarsa ne, wata takwas ya kwana a falonsa, shi ma a yi hankali da shi. Kawu ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba da cin abinci. Ranar ya san wanda ya fara.

Abin kunyar da ya fi wannan shi ne, da na yi ta jin ƙaryata a bakin manya, sai ni ma ta fara shiga ta. Na ce a raina, to in akwai ƙamshin gaskiya fa? Ana haka matata ta iso daga Kano, ba a daɗe ba ta sami ciki. Matan 'yan kasuwa suka cika mata kunne cewa abin yana lalata ciki. Ba na ganin laifinta, ba ta san komai ba sai abin da ta tarar, kuma da ta tambaye ni ban ce mata ƙarya ba ne. Na ce mu dai yi taka-tsantsan. Ni ma na koma dafa ƙirji, yau in ce mura nake, gobe in ce hannuna da datti. In ya ce zai zo gida sai in ce za mu fita.

Duk da haka bai fasa ba. Ya rubuta wa matata kalmomin asibiti da rubutun China da fassararsu da Hausa a takarda, ya turo hoton ta waya. In wani ya zo daga gida ya kawo masa kuka ko daddawa, sai ya raba biyu ya bar mana rabi wurin mai gadin gininmu. Muna karɓa, amma matata takan bar ledar a baranda kwana biyu, wai ta sha iska.

A danginmu akwai al'ada. In an yi haihuwa, kawun jaririn ko kawun ubansa ne ke tauna dabino ya taɓa wa jariri a dasashi, ya yi masa kiran salla a kunne. Ni ma Kawu ne ya yi min, mahaifiyata ta faɗa min ya fi a ƙirga, har tana cewa shi ya sa na fiye surutu, don ranar ya cika min dabinon. Da matata ta haifi 'ya mace da hantsi, na sanar da jama'a, na sanar da shi. Kafin azahar sai ga shi a barandar asibitin, ya sa farar riga da hularsa ta Juma'a, riƙe da ɗan gwangwanin dabino. Bakinsa har kunne.

Na tare shi tun kafin ya kai ƙofar ɗakin. Na ce, "Kawu, likitoci sun hana baƙi shiga. Sun ce sai an sallame su."

Ya ce, "To, ai dokarsu ce."

Bai rufe baki ba ƙofar ta buɗe, dattijon Maradi ya fito yana cewa, "Masha Allahu, ɗiyar ga kai ta ɗauko sak." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kawu ya dubi dattijon, ya dube ni. Ya ajiye gwangwanin a kan benci, don ya san ba zan karɓa daga hannunsa ba.

Ya ce, "Ka tauna da kanka. Kada ka ba ta da yawa, ɗan taɓawa ne kawai." Sai ya tambaye ni nauyinta. Na faɗa masa. Ya ce madalla, lafiyayya ce, ya juya ya tafi. Dabinon nan ban ba ta ba. Da ya sha kwana na jefa gwangwanin a kwandon shara, na aika aka sayo wani.

Bai zo suna ba, ni kuma don rashin ta ido har fushi na yi. Na same shi a ƙofar jami'arsu da yamma ya taso aiki. Na ce mutane sun yi ta tambayarsa, ya kunyata ni. Wannan ce kaɗai rigimar da muka taɓa yi.

Ya ce, "In zo in zauna a ina? A baranda?"

Na ce, "Kawu, ka yi min adalci. In babu komai, me ya sa kuke maƙala kati a ƙirji? Me ya sa kuke aiki bayan bango mai kauri?"

Ya ce, "Saboda mun san abin, mun san iyakarsa. Kai fa, ɗana? Ka auna, ko ji ka yi?"

Na ce, "'Yata ba abin gwaji ba ce."

Ya cire tabaransa yana gogewa da bakin riga. Ya ce, "Haka ne. Allah ya raya ta." Ya wuce tashar jirgin ƙasa.

Daga nan sai gaisuwar waya, da salla ko in wani ya rasu a gida. Bai taɓa kai ƙarata wurin mahaifiyata ba. Sunanta muka sa wa yarinyar, in ta bugo sai ta ce, "Kawunka yana ganin takwarata kuwa?" In ce yana gani. Shi ma in ta tambaye shi sai ya ce yarinya tana nan ta yi wayo, daga hotunan da nake turawa a zauren dangi yake gani. Ya rufa min asiri, ni da na tona masa wanda ma babu shi. Juma'a kuwa bai fasa zuwa ba. Yakan zauna a ƙarshen darduma da farantinsa. Masu takardar asibiti ko ta makaranta suna kawo masa, su riƙe masa ita a gaban fuska ya karanta ya fassara, su yi godiya su tafi.

Ba zan ce ban gane gaskiya ba kafin ya rasu. Wani likita ɗan gida da ya zo sayen kaya ya ji zancen ya yi min dariya har da riƙe ciki, ya faɗa min abin da Kawu ya faɗa tun farko. Na yarda kashi tara cikin goma. Amma gyaran yana nufin in tsaya gaban jama'ar nan in ce ni na ƙirƙira, sannan in ɗauki yarinyar in kai masa. Kullum sai in ce bari wannan kayan su tafi, bari a yi salla, bari yarinyar ta ƙara girma. Haka shekara huɗu ta wuce.

Wata Talata da safe ina Zhanxi Lu ina duba samfur, abokin aikin nan nasa ya kira ni. Ashe lambata Kawu ya rubuta a takardun aiki a matsayin ɗan uwansa na kusa. Ya ce ya faɗi a ofis, an tafi da shi asibiti. Kafin in isa rai ya yi halinsa. Na kira 'yarsa a Kano, ta yi kuka ta ce ba za ta sami biza a kan lokaci ba, kada a ajiye mata uba a firji, a binne shi a nan. Musulmin China na masallacinmu suka tsaya mana a kan takardu da wurin binnewa, Allah ya saka musu.

Da aka kai shi ɗakin wanka, mai wankan ya ce yana son mutum biyu ko uku daga cikinmu, kuma dole ɗan uwa ya kasance. Na fita tsakar masallacin inda mutanenmu suka taru na faɗa. Kowa ya sami abin dubawa a wayarsa. Na so in yi fushi da su, sai na tarar ni ma ban matsa daga inda nake ba. Wannan kashi ɗayan na shakka da ya rage ya taso min, ina tunanin hannun da zan koma gida in ɗauki 'yata da shi.

Abokin aikinsa yana tsaye a gefe. Na je na same shi, na haɗa ɗan Sinancin kasuwa da Turanci na ce ko akwai na'urar da za a auna shi da ita tukuna. Bai gane ba da farko, ko kuma bai so ya gane ba. Na maimaita. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya ya fita. Muka zauna jira, gawar Kawu tana kwance, har ya dawo da wani ɗan akwati.

Na'urar ba ta fi ƙaramar rediyo ba. Ya kunna ta, ta fara wani ɗan ƙas, ƙas, jefi-jefi. Ya bi jikin Kawu da ita a hankali daga kai har ƙafa, ta saman mayafin. Mutanenmu sun cika bakin ƙofa suna leƙe. Sai ya kai ta jikin bango, sannan ya kawo ta ƙirjina, ya juyo min fuskarta in gani. Ƙarar ba ta sauya ba, lambar ma haka. Da Kawu da bango da ni duk ɗaya.

Yana mayar da ita akwati ya yi min magana da Turanci a hankali, yadda zan gane. Ya ce wannan na'urar Kawu ya taɓa aronta sau ɗaya, makon da aka haifi 'yata. Washegari ya dawo da ita ko buɗe akwatin bai yi ba. Da ya tambaye shi, sai Kawu ya ce ya je har ƙofar gininmu ya tsaya, ya juyo. Wai ya ce, "In sai da wannan ɗan ƙanwata zai bar ni in ɗauki yarinyar, to da akwatin ya yarda, ba da ni ba. Zan jira."

Mutumin da ko shayi sai ya auna, wannan ɗaya ce ya ƙi aunawa, ni kuma na sa aka yi masa ita yana kwance ba ya iya hanawa.

Da jama'a suka ga sakamakon, sai ga masu naɗe hannun riga sun yi yawa, har mai wankan ya ce uku sun isa. Ya ce in fara da hannun dama. Na kama hannun Kawu, ya yi sanyi, ya fi yadda na sani ƙanƙanta. Na wanke shi ina kuka, har mai zuba ruwa ya dafa ni ya ce in yi haƙuri in ci gaba, lokaci yana tafiya.

Bayan an sallace shi, kafin a ɗauke shi zuwa kabari, limaminmu ya ce kamar yadda aka saba ɗan uwan mamaci ya tashi ya nema masa yafiyar jama'a. Babu wani ɗan uwa sai ni. Na miƙe na fuskanci mutanen da suka ware masa faranti, suka bar masa fili a sahu, duk a kan maganata. Kalmomin da ake faɗa na san su, na ji su a jana'iza da yawa. Na ce, "Jama'a, Kawu ya riga mu gidan gaskiya. Duk wanda ya taɓa yi wa laifi, da saninsa ko ba da saninsa ba, don Allah ya yafe masa."

Suka haɗa baki, dattijon Maradi ya fi kowa ɗaga murya, suka ce, "Mun yafe."

Liman ya juyo ya ce, "Kai fa, ɗansa?"

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi maƙwabta da suka fi mu. Amma ranar, a gaban makararsa, da bakin nan nawa na ce na yafe masa.